Ka tambaye ta abin da ta ci yau?

Assalamu alaikum. Watanni 2 ke nan da rasuwar wata tsohuwa da nake kira Inna, ba ita ta haife ni ba, ko dangi ba mu haɗa ba, amma tun ranar da munka kai ta makwancinta nake ta juyayin in rubuta abin da ya shiga tsakanina da ita, in na ɗauko waya sai in aje. Yau dai na ce ko ya aka yi sai na rubuta, ko da wani yaro mai fitowa daga makarantar likita zai gani.

Ni haihuwar Maradi ne, unguwar Bagalam. Babanmu tela ne, mu 9 ya haifa kuma ni kaɗai na yi nisa a lakkol. Na samu brebe, na tahi Damagaram na yi shekara 3 ina koyon aikin jinya, na fito da takardata a 2003. Ranar da na dawo gida har rago babanmu ya yanka. Kowa a unguwa likita likita, har tsofaffin da sunka goya ni. Gaskiya abin ya shiga kaina, kuma ba wai ban iya aikin ba ne, na iya, ina cikin na gaba a ajinmu, na san awon magani da kilo na yaro ba sai na duba littafi ba. Matsalar ita ce na fito da tunanin cewa duk wanda bai zauna benci ba to kanshi babu komai a ciki sai camfi.

Anka tura ni wani ƙaramin gidan likita a ƙauye, kudu da Maradi, ɓangaren Madarunfa. Ɗaki 3 ne da rumfa da wata babbar bedi a tsakar fili. Ni ne majo, wato shugaban wurin, ni ne mai allura, ni ne mai rubuta kaye. A nan na iske Inna. Unguwarzoma ce ta garin tun kafin a gina wurin, ba ta da albashi, ita ke shara da asuba, ita ke dafa ruwa, in haihuwa ta zo cikin dare ita ake fara tadawa kafin ni. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, na allo ma iyakarta abin da za ta yi salla. Ina gaishe ta dai kamar yadda ake gaida tsoho, amma ban taɓa tunanin akwai abin da zan tambaye ta ba. In na sa farar rigata na zauna bayan tebur sai in dinga jefa Faransanci cikin magana da gangan, matan ƙauye su yi shiru suna kallon ƙasa, ni kuma in ɗauka girmamawa ce.

Wanda ya yi wayo lokacin ya san abin da 2005 take nufi a jihar Maradi. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka ta cinye abin da ta cinye a wasu yankuna. Kafin a kai tsakiyar damanar 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30 na sefa. Kuma abin da ke ƙona rai shi ne hatsin akwai shi, in ka shiga kasuwar Maradi buhuhuwa ne jibge, motoci na lodi suna bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya, kuɗin saye ne babu a hannun talaka. Dabbobi sun rame farashinsu ya faɗi, akuyar da da za ta sai maka tiya da yawa yanzu kaɗan take kawowa. Tsofaffi suna ta tuna yunwar El Buhari ta 1984. Mutane sunka koma cin anza da tafasa da jiga. A shekarar nan ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a nan jihar Maradi. Ni a ɗan wurina kullum layi ne tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin bedi, ina aunawa da ɗan zaren nan mai kore da ɗorawa da ja da ake naɗawa a damtsen yaro, in ya faɗa ja ka san lamari ya ɓaci.

Wata rana cikin watan Yuli wata yarinya ta zo, ba za ta wuce shekara 19 ba, da ɗanta namiji ɗan wata 14. Na gane ta, don sati 3 da sunka wuce ta kawo shi da zawo, na ba ta garin nan na ruwan gishiri da sukari, na ce ta ci gaba da ba shi nono, ta dama mishi kunu da gyaɗa, in da hali ta ba shi ƙwai. Yanzu ga shi ta dawo da shi ya fi da lalacewa, gashin kanshi ya yi ja ya yi laushi, ga laya a wuya, da na buɗe bakinshi sai na ga an kai shi wurin wanzami an cire mishi beli, wurin ya kumbura yana wari. Na gaji, tun asuba ban sa komai a cikina ba, amma wannan ba hujja ba ce. Na miƙe tsaye na ɗaga murya a gaban duk matan da ke layi. Na ce mata jahila, na ce kina da kuɗin wanzami da na laya amma ba ki da na ƙwai, na ce in yaron nan ya mutu ke kika kashe shi. Wallahi har yau in na tuna kalmomin nan sai in ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki ɗanta ta goya, hannunta na rawa har sai da ta sake ɗaurin zanen sau 2, ta fita. Na ce wa ta gaba ta shigo.

Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ga komai, ba ta tanka ba. Sai bayan magariba da kowa ya watse ina zaune kan benci, ta zo da kwanon hura ta aje gabana ta ce sha tukuna. Sai da ta ga na sha na aje kwanon sannan ta zauna a ƙasa gefe ta ce, likita, yarinyar nan ta ɗazu, ka tambaye ta abin da ta ci yau? Na ce Inna ai ba ita ce marar lafiya ba. Ta ce haka ne ɗana. Ta yi shiru ta ɗan jima, sannan ta ce gobe in Allah ya kai mu ka raka ni unguwa, ƙafata ba ta son tahiya ni kaɗai. Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce na yi laifi ba, ta ma maida abin kamar ni ne zan taimake ta.

Da asuba bayan salla munka kama hanya. Na ɗauko farar riga ta ce bar ta nan, ƙura za ta ɓata ta. Tahiyar wajen awa 1 da rabi ce a cikin gonaki, hatsi ya kai gwiwa, ita tana gaba da sandarta tana gaida duk wanda munka iske yana noma, ta san sunan uwar kowa. Munka isa wani ɗan ƙauye mai gida bai fi 15 ba.

Da yarinyar ta hango ni sai ta shige ɗaki. Inna ta yi sallama kamar ba ta lura ba, ta zauna kan turmin da ke kife ta ce a ba ta ruwa ta gaji. Sannan gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya mai gida, an samu labarinshi, ya tsohuwa. Ni ina tsaye ina duba agogo a raina ina cewa yaro na mutuwa ana ta ina gajiya. Ko sau ɗaya Inna ba ta ambaci yaron ba. Ta ga ƙwarya cike da anza an jiƙa, ta sa hannu ta ɗauki ƙwara ɗaya ta tauna ta tofar ta ce da saura, ɗacin bai fita ba, a sake mata ruwa. Ta tashi da kanta ta tsiyaye ruwan ta zuba sabo. A nan ne yarinyar ta fito ta karɓi ƙwaryar ta ce Inna bari in yi. Sunka zauna gefe guda suna tsince anza, ni Inna ta nuna mini inuwar rumbu ta ce in zauna can.

Daga inda nake zaune na ɗaga kai na ga rumbun a rufe yake da kwaɗo. Ina jin maganarsu ƙasa ƙasa. Mijin ya tahi bida Najeriya tun bayan kaka, ya kulle rumbu ya bar makulli wurin yayanshi, ɗan damman da ke ciki na iri ne da na cin masu noma, ba mai taɓawa. Ita tun jiya da rana rabonta da abinci, shi ma anza ce da ganye. Zuwanta na farko wurina akuyarta guda ta saida ta biya kuɗin kati da magani, don lokacin ana biya, sai a 2006 ne gwamnatin Tandja ta maida maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Wanzamin da na yi mata gori da shi ko dala bai karɓa ba, kawun mijinta ne, kuma surukuwarta ce ta sa a kai yaron. Sai kuma ta ƙara rage murya ta faɗi abin da ya fi komai, ashe ciki gare ta, rurrutsa ta yi, kuma da surukuwa ta gane sai ta sa anka yaye yaron rana ɗaya don wai nonon mai ciki guba ne. Wata 2 ke nan bai sha nono ba. Ni kuma na zauna bayan tebur ina ce mata ci gaba da ba shi nono, ita ko ta yaya za ta buɗe baki ta gaya wa saurayi baƙo a gaban mata cewa ciki gare ta da goyo a baya?

Garin ruwan gishiri da sukarin ma na ga sauranshi a ƙulle a bakin zane. Na ce mata a zuba fakiti guda cikin litar ruwa 1, ban tambaya ko akwai abin da ake auna lita da shi a gidan ba. Ita don kar ya ƙare da wuri sai take ɗiba kaɗan kaɗan tana damawa a ludayi, ya yi gishiri sosai, yaron ya ƙi sha. Duk abin da na gaya mata daidai yake a littafi, ko guda babu kuskure, kuma ko guda babu wanda za ta iya yi.

Sai can Inna ta ce ɗauko mini angona in gan shi. Anka fito da shi. Inna ta karɓe shi tana mishi wasa ta ce kai masha Allah, ai ƙafafun sun fara cikowa. Gabana ya faɗi. Na taso na durƙusa na ce wa uwar ko za ta bari in taɓa shi, ta gyaɗa kai. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarshi na ƙirga 3 na ɗaga, wurin ya loɓa ya zauna a loɓe, ɗaya ƙafar ma haka. Na ce Inna wanga ba ƙiba ba ce, kumburi ne, ruwa ne, kuma shi ne alama mafi muni, yaron nan in bai kwana Maradi yau ba akwai matsala. Ta dube ni ta dubi ramin da yatsana ya bari ta ce sake yi in gani. Na sake. Ta sa nata yatsan ta gwada. Ta ce shekara nawa ina ganin wanga ina cewa sauƙi ne, Allah ya gafarta mini. Ba ta yi musu ba, ba ta ji kunyar yaro ya koya mata ba, abin nan ya tsaya mini a rai, don ni a jiya kawai ko tambaya ban iya yi ba.

To saura tahiya, kuma matar aure ba ta barin gari ba da izini ba, miji ba ya nan. Ni da zan je wurin yayan mijin ne da na ce mishi kun kusa kashe yaro, ya ce ba inda za ta. Inna sai ta fara da surukuwa. Ta shiga ɗakinta ta gaishe ta, ta yaba mata yadda ta tsaya kan jikanta, ba ta ce uffan kan beli ko yaye ba, ta ce yanzu abin da ya rage sai ke, ke ce babba, in kin ce a kai shi Maradi wa zai hana. Tsohuwar da kanta ta aika a kira ɗanta, yayan mijin, da kanta ta ce a ɗaura amalanke. Kafin azahar muna bakin titi, kafin la'asar muna Maradi wurin da ake kwantar da yara masu tamowa.

A can ma na ga abin da ilimi yake yi, kar wani ya ce ina rena karatu. Uwar tana kuka tana cewa a ba shi abinci ya ƙoshi, ma'aikatan sunka ce a'a, yaron da ya kai haka in ka cika mishi ciki lokaci ɗaya kana iya kashe shi, zuciyarshi da hanjinshi ba za su ɗauka ba. Wata madara ta musamman ake ba shi, F-75, kaɗan kaɗan bayan awa 2 ko 3, dare da rana, a rufe shi kar sanyi ya kama shi, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta saboda ciwon bakin. Sai kumburin ya saɓe, yaron ya ƙara zama kamar ya fi ramewa, sannan a hankali anka koma Plumpy'Nut, tunkuzar gyaɗar nan mai madara da sukari da mai da ke cikin 'yar leda. Tausayi kaɗai ba zai san wannan ba, da Inna ce ita kaɗai da hura za ta dama mishi da zuciya ɗaya. Yaron ya tashi. Yau magidanci ne, yana sana'ar gyaran babur.

Kafin a sallame su na je na durƙusa gefen tabarmarta na ce ki yafe mini abin da na faɗa miki. Ta ce ba komai likita, ba ta ɗago kai ba. An fi shekara kafin ta iya gaishe ni tana kallon fuskata.

Daga nan na sake zama. Na fitar da tabarma na shimfiɗa a ɗakin awo, tebur ya koma gefe. Duk matar da ta shigo sai mun gaisa, sai na tambaye ta ita me ta ci, mai gida yana nan ko ya yi tahiya, kuma in na ga tana sunkuyar da kai sai in fita in bar ta da Inna minti 5, in dawo in iske duk abin da nake bukatar sani. Munka samo kwanon sha irin wanda ke kowane gida, na auna lita 1 na zuba, Inna ta karce daidai wurin da ƙusa, shi muke nuna wa mata. Na zaunar da ita na yi mata bayanin cewa nonon mai ciki ba guba ba ne, ta yi ta tambaya har ta gamsu, kuma abin da na shekara 2 ina faɗa ba wanda ya ji, ita a gidan suna da gidan biki take faɗinshi cikin raha tsofaffi suna sauraro. Wani malami da nake ɗaukar karatu wurinshi a Maradi na ba shi labarin, sai ya karanto mini aya ta 159 cikin Ali Imrana, inda Allah yake ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ka kasance mai kaushi mai taurin zuciya da sun watse daga gare ka. Ya ce wanda aka saukar wa wahayi ke nan, to kai da takardar shekara 3 fa? Na haddace ayar tun ina yaro a makarantar allo, amma ranar ce na ji ta.

Akwai sauran abu guda, kuma shi ne ya sa na daɗe ban rubuta ba. Bayan kaka ta shigo, hatsi ya sauko, layi ya ragu, wata rana da yamma Inna ta sake kawo mini hura ta ce sha tukuna. Na san akwai magana. Ta ce ranar nan da ka yi faɗa, akwai wata a layi, ta 4 daga ƙofa, da 'yarta mace. Da ta ji abin da ka faɗa wa waccan sai ta zame ta tahi gida, don ita ma an cire wa tata beli. Ba ta dawo ba. Yarinyar ta rasu bayan kwana 9. Inna ta ce ni ma ban lura da fitarta ba sai daga baya na ji, da na bi ta. Na ce Inna wata 4 kin san wanga kika yi shiru? Ta ce lokacin yara ɗari na jiranka kullum, in na gaya maka ka karye wa zai duba su. Na bari sai ka yi ƙarfi. Amma ba zan mutu da shi a ciki ba, naka ne, ya kamata ka sani.

Na yi kuka a gabanta kamar ƙaramin yaro, ba ta ce in daina ba, ba ta kuma ce ba laifina ba ne. Da na natsu ta ce ran Juma'a za mu je gaisuwa. Munka je. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kwano ta durƙusa ta miƙo mini, ni. Na gaya mata ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, ta ce ta gane ni tun daga ƙofa, ta ce kwananta ne ya ƙare likita, Allah ya ba mu haƙuri. Na sha ruwan da ƙyar.

Shekara 6 na yi a garin kafin a maido ni Maradi. Ban yanke da Inna ba, duk salla sai na je, da ƙafarta ta gaza na ɗauko ta ta yi wata 3 a gidana tana jinya, 'ya'yana kaka suke ce mata. Ta matsa sai an maida ta garinsu, can ta cika, da daddare, jikokinta na gefenta. Wajen jana'izarta na ga maza da yawa da furfura a gemu waɗanda ita ta yanke musu cibi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa Inna a addu'a, Allah ya jiƙanta ya sa aljanna ce makomarta. Ya sa da 'yar nan da ta rasu cikin watan Yuli na 2005, da uwarta, tana nan da rai, bara ma na je na gaishe ta.